Ɗana Ya Tsani Makaranta, Ni da Babansa Mun Daina Magana a Kan Bulala

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, shekarata 31, 'ya'yana uku. Mu biyu ne a wurin maigidan, ni ce ƙarama. Damuwata a kan ɗana na fari ce, shekararsa 9, yana aji 4 na firamare a wata makarantar kuɗi. Bara shi ya zo na 6 a cikin yara 42. Bana aka canza musu malami, wanda duk lissafin da yaro ya faɗi bulala ɗaya ce, in ya faɗi goma ya sha goma. Zangon da ya wuce ya zo na 33. Da sakamako ya zo, Babansu ya zane shi da wayar caja a gaban 'yan'uwansa, ya kira shi daƙiƙi, ya ce ya dubi ɗan Yaya, abokiyar zamana, da suke aji ɗaya amma ba ɗaki ɗaya ba, kullum na ɗaya ko na biyu. Tun daga ranar yaron ya canza. Ba ya magana, ya koma fitsarin kwance wanda ya daina tun yana shekara 4, duk safiyar Litinin sai ya ce cikinsa na ciwo, kuma na kama shi ya yage shafin aikin gida ya ce ba a ba su ba. Ran nan ya dawo daga makaranta yana riƙe da kunnensa na hagu, ƙanwarsa ce ta faɗa min marinsa aka yi. A Islamiyya kuwa haddarsa lafiya lau, yana izu 8, malamarsu tana sonsa. Na yi wa Babansu magana, ya ce ni nake sangarta shi, shi ma da bulala aka koyar da shi. Muka yi cacar baki a tsakar gida, yaron yana ji. Yau kwana 12 ba abin da ke haɗa mu sai gaisuwa. Abin da ya fi ci min rai, ɗan fari ne, ko sunansa ba na faɗa, ban saba jan sa a jiki ba. Ina ganin yana shan wuya amma kunya ta hana ni. Yanzu tunanina biyu ne: ko in je makarantar in ci mutuncin malamin, ko in roƙi yayana da ke Kaduna ya ɗauke shi. Ki taimaka min da shawara.

Wata uwa

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da wannan ɗawainiya, Allah ya yaye miki. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma inda na fi daɗewa shi ne wurin da kika ce kina ganin yana shan wuya amma kunya ta hana ki. Za mu dawo can. Bari mu fara da abin da ba ya jira, wato kunnen nan.

Ki kai shi asibiti a cikin makon nan, kada ki ce sai kun shirya da Babansu. Mari a kan kunne yana iya fasa dodon kunne. Sau da yawa yakan haɗe da kansa cikin 'yan makonni, amma sai in ba a ɗiga masa komai ba kuma ruwa bai shiga ba. Don haka duk wadda ta zo miki da shawarar man ja ko man zafi ko ruwan wani ganye, ki yi mata godiya ki ajiye. Likita ya leƙa kunnen, ya gwada jinsa, ki roƙa a rubuta miki abin da aka gani a takarda ki adana, za ta yi miki amfani gaba. Tunda kin je, a duba idonsa ma. Sannan ki faɗi maganar fitsarin kwancen, kada kunya ta sa ki rufe ta. Yaron da ya yi shekara biyar ba ya yi sannan ya dawo yana yi, tsoro da damuwa suna jawo haka, kuma ina kyautata zaton su ne a nan. Amma ciwon mafitsara, ciwon suga, taurin bayan gida da sikila duk suna iya jawo shi, haka tsargiya in yana zuwa wanka a kududdufi ko rafi. Gwajin fitsari ba shi da tsada, a yi shi hankali ya kwanta. Kafin nan ki sa leda a ƙarƙashin shimfiɗarsa, ki tashe shi da asuba kafin sauran yara su farka, ku gyara wurin ku biyu shiru. Duk wanda ya kira shi amalala a gidan nan, babba ko yaro, ki taka masa burki nan take.

Yanzu ga abin da nake gani. Ruwa ba ya tsami banza. Yaron da ya zo na 6 bara bai koma daƙiƙi cikin wata huɗu ba, kuma hujjar tana cikin wasiƙarki da hannunki: izu 8. Kan da ya riƙe izu 8 a wurin malamar da take sonsa, shi ne kan da ya kasa riƙe lissafi a wurin malamin da yake tsoro. In mutum ya tsorata, jikinsa yana sakin sinadaran da ke shirya shi gudu ko kare kai, zuciya ta riƙa bugawa, tafin hannu ya jiƙe, ciki ya murɗa. Ciwon cikin ranar Litinin ba lallai ƙarya yake yi ba, da gaske yana iya jin sa. Shi kuwa lissafi yana bukatar yaro ya riƙe lambobi a kansa na ɗan lokaci. In an ce ya ninka 47 sau 6, dole ya rubuta 2, ya riƙe 4 a ka, ya ninka 4 da 6, ya tuna ya ƙara 4 ɗin nan kafin ya kai ga 282. Wannan ɗan wurin da yake ajiye 4 ɗin, shi tsoro yake fara cinyewa. Yaron da ya zauna yana ƙirga bulalar da zai sha, ina ya ga sauran wurin ƙirga wani abu?

Ba Turawa suka fara gano wannan ba, in wani ya ce miki zancen boko ne. Ibn Khaldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332 ya rasu a Alƙahira a 1406, ya ware babi guda a littafinsa Muƙaddima a kan cewa tsanantawa ga masu koyo tana cutar da su. Ya ce yaron da aka raina da duka da tursasawa, karsashinsa yakan mutu, ya koma malalaci, ya koyi ƙarya da yaudara, yana bayyana abin da ba shi ne a ransa ba don gudun hannun da zai sauka a kansa. Ki dubi shafin nan da ɗanki ya yage, ki sake karanta wannan magana. Dabarar tsira ce ya samo, kuma mu manya muka koya masa ita.

Na ce mu, don ni ma na taɓa yi. A farkon aikina ina koyar da aji 3 a wata firamare ta gwamnati, akwai wani yaro a bencin baya da duk abin da na rubuta a allo sai ya kwafe shi a karkace, 3 ta koma 8, layi guda ya ɓace. Na yi kusan zango guda ina zuba masa tsumagiya a tafin hannu, ina ce masa wasa ya yi masa yawa. Wata safiya da damina kwanon ajin ya yi yoyo ta baya, na taso da 'yan bayan duka na zaunar da su a ƙasa a gaban allo. Ranar aikinsa ya fito tas, ba kuskure ko ɗaya. Da na kira shi, sai ya ɗago kai yana ƙanƙance ido ya ce, "Malama, yau allon ya fito." Ashe ba ya gani daga nesa, abin da na kusa da shi ya rubuta yake leƙe. Wata uku ina dukan yaro a kan ciwon ido, kuma ko sau ɗaya bai faɗa min ba, don ban taɓa ba shi fuskar da zai faɗa ba. Har yau in na tuna sai in ji nauyi a ƙirjina. Shi ya sa na ce a duba masa ido da kunne kafin kowa ya sake yanke hukunci a kan ƙwaƙwalwarsa.

To, mu dawo kan kunyar. Ban raina al'adar kara ga ɗan fari ba, a cikinta na tashi, mahaifiyata har ta koma ga Allah ba ta kira sunan yayanmu ba. Amma ki tuna yadda gidajen da suka haifi wannan al'ada suke. Gida ne babba, kaka tana nan, gwaggo tana nan, matan baffanni suna nan. Ana yaye ɗan fari kaka take ɗauke shi, ita ke goya shi, ita ke ɓoye masa ƙanzo da ɗan nama, ita ke tsokanarsa tana ce masa mijinta, ita ke shiga tsakani in uba ya ɗauko bulala. Uwa tana kawar da kai ne don ta san akwai hannaye goma da suka tallafe shi. Yau mun koma gidajen haya da ƙananan gidaje a birni, kaka tana ƙauye ko ta rasu, gwaggo tana wani gari. Kunyar ta biyo mu, hannayen ba su biyo mu ba. Ki duba rayuwar ɗanki a yanzu: da safe malami da bulala, da dare uba da waya, a tsakani kuma uwar da take sonsa kamar ranta amma take kawar da ido. Ke kin san kina sonsa. Ɗan shekara 9 bai iya karanta abin da ke bayan kara ba, abin da ya gani shi ya sani.

Ba na ce ki wayi gari kina kiran sunansa a tsakar gida ba. Ki ba shi laƙabi, Babana ko Yaya ko Abba, wanda ke kaɗai kike kiransa da shi. Ki nemi lokacin da ba idon mutane, bayan sallar isha'i ko da asuba. Ki shafa masa mai da hannunki bayan wanka. Ki zauna kusa da shi yana cin abinci ko da ba za ki ce komai ba. Ki ɗora hannu a kansa ki yi masa addu'a da ƙarfin da zai ji abin da kike roƙa masa. Kuma sau ɗaya, cikin kwanakin nan, ki daure ki faɗa masa da baki: "Na san ana dukanka, ban ji daɗi ba. Kai ba daƙiƙi ba ne. Faɗan da muka yi da Babanku ba laifinka ba ne." Za ki ji bakinki ya yi nauyi, wataƙila shi ma ya sunkuyar da kai bai ce uffan ba. Kada shirun ya karya miki gwiwa, ya ji. In wani ya yi miki gori, kina da madogara: Aƙra'u ɗan Habis ya ga Manzon Allah (SAW) ya sumbaci jikansa Hasan, ya ce shi 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, Annabi ya amsa masa da cewa wanda ba ya jin ƙai ba za a ji ƙansa ba. Bukhari da Muslim duk sun kawo shi.

Maganar shafin da ya yage kuwa, kada ki yi kamar ba ki gani ba. Ki ce masa kin gani, kuma ƙarya ba ta da kyau, amma daga yau duk abin da ya faɗa miki gaskiya ba za a doke shi a kansa ba. Sai dai ki tabbata za ki iya cika wannan alkawari kafin ki ɗauke shi, don zai gwada ki da ƙaramin abu ya ga ko da gaske kike.

Sai Babansu. Ina so ki ɗan sauke fushin ki dube shi da kyau. Mutumin da yake biyan kuɗin makarantar kuɗi ga 'ya'yan ɗaki biyu a wannan zamani na tsadar rayuwa, ba wanda bai damu da karatun ɗansa ba ne. Tsoro ne a ransa shi ma, kada yaron ya tashi a baya, kuma maganin da ya sani shi ne wanda aka yi masa. Ya tashi yana jin ana cewa ka ƙi naka duniya ta so shi. Yana da gaskiya cewa yaro yana bukatar tsawatarwa da iyaka, gidan da ba a hana yaro komai ba gida ba ne. Inda ya kauce shi ne waya, da yin abin a gaban 'yan'uwa, da kalmar daƙiƙi, wadda ina tabbatar miki ta fi wayar daɗewa a jiki. Ke kuma inda kika kauce shi ne tsakar gida. Ba namijin da za a ce masa ya yi kuskure a gaban 'ya'yansa da ɗaya matarsa ya amsa a take, ko da a ransa ya yarda. Kuma kwana 12 ɗin nan, yaron yana ƙirga su tare da ku, yana ganin shi ya raba iyayensa. Yaron da ke ɗauke da wannan a ransa ba zai zauna a aji ya bi darasi ba ko da an canza masa malami goma.

Don haka ke za ki fara sauke kai. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Ranar girkinki, bayan ya ci ya huta, ƙofa a rufe, ki ba shi haƙuri a kan ɗaga murya da kika yi, a kan wannan kaɗai, ba a kan damuwarki da yaron ba. Kada ki fara da "ka zalunce shi". Ki fara da abin da ya haɗa ku: "Ni ma sakamakon nan ya dame ni kamar yadda ya dame ka." Sai ki miƙa masa takardar likita ya karanta da idonsa. Ki tuna masa izu 8. Sannan ki roƙe shi abu ɗaya mai iyaka, wanda ba zai ji an ƙwace masa girma ba: a ba ki zango ɗaya ba duka a kan sakamako, ba kwatanta shi da kowa, in zangon ya ƙare ku zauna ku duba tare. Maza da yawa da ba za su taɓa cewa sun daina duka ba, za su yarda da gwajin wata uku. In ya sake kawo zancen shi ma da bulala aka koyar da shi, ki tambaye shi cikin raha, su nawa ne a ajinsu na firamare, kuma su nawa bulalar nan ta kora kasuwa da tasha tun kafin aji 6. Waɗanda suka tsira ne kawai muke jin labarinsu.

Kuma ki ba shi aikin yi, don uban da aka ce ya ajiye bulala ba a ba shi komai a madadinta ba, zai ji hannunsa ba kowa. Ya riƙa tafiya da yaron masallaci, ya ɗauke shi ranar Asabar in zai je cefane, ya miƙa masa kuɗin ya ce shi zai biya ya lissafa canji. Kalma ɗaya ta yabo daga bakin wannan uban a yanzu ta fi lesin na wata guda.

Akwai hujjoji na addini masu ƙarfi a nan, amma ina ba ki shawara kada ke ki karanto masa su kamar mai wa'azi, abin zai koma gardama. Ki bari su fito daga bakin wanda yake jin nauyi, mahaifiyarsa ko yayansa ko limamin unguwa. Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi (SAW) hidima shekara goma tun yana yaro, ya ce ko tsaki bai taɓa yi masa ba. Nana A'isha ta ce bai taɓa dukan mace ko hadimi da hannunsa ba. Hadisin da masu duka suka fi kafa hujja da shi, na umartar yara da salla suna shekara 7 da dukansu a kanta suna shekara 10, in an lura shekara uku cur ya bayar na koyarwa ba duka, a kan salla ma ke nan, ginshiƙin addini. Ɗanki bai kai 10 ba, kuma maganar lissafi ake yi. Malaman mazhabarmu ta Malikiyya ma ba su bar abin sakaka ba. Muhammadu ɗan Sahnun na Ƙairawan a ƙasar Tunisiya ta yau, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan hijira, ya rubuta littafi a kan ladubban malaman yara, ya ce kada malami ya wuce bulala uku sai da izinin uba, kuma bai halatta ya doki kan yaro ko fuskarsa ba. In kuwa duk da haka wayar ta sake fitowa har tana barin shaida a jiki, ki sanar da iyayensa da naki waliyyin. Wannan ba tonon asirin aure ba ne.

Abokiyar zamanki fa, kada ki bari abin nan ya rikiɗe ya koma kishi. Ba ki ce ta yi miki komai ba, ɗanta ma ƙoƙarinsa kawai ya yi. Amma kwatancen da uban yake yi, shi ne irin da ake shuka 'yan'ubanci da shi, yaran su girma ɗaya yana ganin ɗaya a matsayin sanadin dukansa. Lokacin da mahaifin Nu'umanu ɗan Bashir ya yi masa kyautar da bai yi wa sauran 'ya'yansa ba, Annabi (SAW) ya ce su ji tsoron Allah su yi adalci tsakanin 'ya'yansu, kuma yabo da kushe ma rabo ne da ake yi tsakanin 'ya'ya. In akwai fahimta tsakaninku, ki shiga ɗakinta ki ce, "Yaya, ɗanki fa yana cikin wani hali, ki taya ni." Sau da yawa uwargida tana iya faɗa wa maigida abin da ba zai karɓa daga bakin uwar yaro ba, don ita ba za a ce son kai ne ba.

Cin mutuncin malami kuwa, ki cire shi daga lissafi. Za ki huce na minti goma, ki tafi gida, yaron ya zauna da mutumin da kika kunyata har ƙarshen shekara. Shi ma malamin ki ɗan duba inda yake tsaye. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, shi yana da 42. Tsarin ya ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa ita ce NCE, amma makarantun kuɗi da yawa suna ɗaukar wanda bai taɓa koyon yadda ake koyarwa ba, a biya shi abin da bai taka kara ya karya ba, mai makaranta kuma ya tsaya masa a ka yana son sakamako. Wanda ba a ba shi dabara ba, bulala ce dabararsa. Wannan bayani ne, ba uzuri ba ne. Dukan yaro don ya faɗi lissafi kamar dukan majinyaci ne don bai warke ba, marin kunne kuwa ba shi da mazauni a shari'a.

Ku je tare da Babansu in ya yarda, kuma zuwan nan da kansa zai gaya wa yaron cewa iyayensa bakinsu ɗaya. Ku fara ganin hedimasta, a kira malamin, ku gaishe shi da mutunci, ku yaba wahalar da yake sha da yara. Sai ku ajiye takardar likita a tebur ku faɗi bukatunku a fili: ba duka a kan kuskuren darasi, ba taɓa fuska ko kai ko da wane laifi ne, a dawo da shi bencin gaba, kuma malamin ya rubuta muku layi biyu duk Juma'a a kan inda yaron yake tuntuɓe. Ki tuntuɓi iyaye mata biyu ko uku na 'yan ajin, da wuya a ce ɗanki kaɗai ne ke ciwon ciki ranar Litinin, kuma maganar iyaye biyar a taron iyaye da malamai ta fi ta mutum ɗaya nauyi. In mako uku ya wuce ba canji, ku nemi a mayar da shi ɗaya ɗakin. Na san can ɗan'uwansa yake, kuma hakan yana iya ƙara kwatance, shi ya sa sai an fara kashe wutar kwatancen a gida. In makarantar ta ƙi, kuɗinku kuke biya, akwai wasu makarantun, kuma ma'aikatar ilimi ta jiha tana da sashen da ke sa ido a kan makarantu masu zaman kansu. Nijeriya ta yi dokar kare haƙƙin yara tun 2003, jihohin Arewa da yawa ma sun yi tasu daga baya.

Karatun kansa, kada ki ɗauko malamin lesin yanzu. Yaron da yake boko da safe, Islamiyya da yamma, in aka ƙara masa wani baƙon namiji da littafin lissafi da daddare, hukunci zai ɗauke shi. Yaro mai shekarunsa yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12, ki fara tabbatar da wannan da karin kumallo, ko koko da ƙosai ne. Aji 4 shi ne inda ninkawa da rabawa suke tsawo, wanda bai riƙe jadawalin ninkawa da kyau ba a nan yake zamewa. Ki zauna da shi minti 15 kacal a rana, da Hausa, ba da Turancin makaranta ba. Ki tara marafan lemo ko ƙwallayen dabino, ki jera su kashi shida, bakwai bakwai, ya ƙirga ya ga 42 da idonsa. Ki fara daga abin da kika san zai ci, ko da na aji 2 ne, ya yi kwana uku yana cin komai kafin ki ƙara nauyi. Tunda mai hadda ne, ya rera jadawalin kamar yadda yake tilawa, kunnensa ya saba da wannan hanya. In ya yi kuskure ki ce, "Nuna min yadda ka yi," za ki ga daidai inda ƙafarsa ta zame. In kin ji ranki ya fara ɓaci, ki rufe littafin, gobe ma rana ce.

Kaduna kuwa, ba yanzu ba. Riƙo al'ada ce mai kyau in an ba da yaro cikin farin ciki, amma wanda aka ɗauke shi bayan duka da faɗan iyaye, korar sa aka yi a ganinsa, kuma zai tafi da fitsarin kwancensa gidan da ba uwar da za ta rufa masa asiri da asuba. Ga shi ba za ki iya ba sai da yardar uban, wata sabuwar rigimar ke nan. Ya je hutu na mako biyu wurin kawunsa ya sha iska, wannan ya yi. Ki ajiye maganar komawa can gaba ɗaya a matsayin mafita ta ƙarshe, in an bi duk hanyoyin nan dukan gida bai tsaya ba.

Litinin mai zuwa in ya ce cikinsa na ciwo, kada ki ce ƙarya yake, kada kuma ki bar shi ya kwana biyu a gida, don kowace ranar da ya fasa tana ƙara wa ƙofar makarantar tsawo a idonsa. Ki ba shi ruwan ɗumi, ki shafa masa cikin, ki raka shi da kanki har bakin get, ki gaya masa ƙarfe nawa za ki dawo ɗaukarsa, kuma ki riga lokacin isowa. Bayan mako huɗu ki sake rubuto min, ƙanwata. Ina son in ji abin da likita ya ce a kan kunnen, da yadda kuka kwashe da Babansu ranar girkin. Ki shafa min kan yaron.